Tsabar kuɗi ko kati a jirgin ruwan yawon buɗe ido

Hajiya, kin tambaya ko ku riƙe tsabar kuɗi ko ku dogara da kati a tafiyar mako ɗaya da za ku yi da Alhaji a jirgin ruwa, daga Barcelona zuwa Marseille, Genoa da Malta. Lissafin cikin jirgi daban, na kan tudu daban.

A cikin jirgi ba a miƙa kuɗi hannu da hannu. Ranar shiga za a ba kowannenku kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da dawowa, da shi kuma ake sayen komai, daga lemo har wankin kaya. Kamfanin Royal Caribbean na kiran nasa SeaPass. Ana rubuta duk abin da kuka ci a asusun ɗakinku, kamar littafin bashi na mai shagon unguwa, sai daren ƙarshe a haɗa jimla. Har da kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, wanda a jiragen Amurka yakan kama daga dala 16 zuwa 20. To, da me za a jingina asusun?

Katin bashi, wato wanda banki ke biya miki sannan ki biya shi daga baya, ya fi sauƙi: a yi masa rajista sau ɗaya, a cire jimla a ƙarshe, babu bin layi. Sai dai kaɗan ne a cikinmu ke da shi, wasu kuma suna gudunsa saboda kuɗin ruwa, ko da yake yawanci ba ya hawa kan wanda ya biya duka kafin wa'adi.

Katin cirar kuɗi, wato katin ATM irin wanda akasarinmu ke riƙe da shi, nan ne tarkon yake. Da zarar an yi masa rajista, kamfanin zai sa banki ya riƙe wani adadi, yana ƙarawa yayin da kuke saye. Ranar sauka a cire kuɗin gaskiya, amma wancan da aka riƙe ba ya sakuwa nan take, wani lokaci sai bayan makonni. Kuɗinki na nan, ba ki da ikon taɓa su, ga otal da tasi suna jiranki a Barcelona. Idan katin naira ne, abin ya fi muni, domin bankunan Najeriya sun daɗe suna ƙayyade abin da za a kashe da shi a waje, har an yi shekarun da da yawansu suka rufe shi gaba ɗaya. Katin asusun dala ya fi shi nesa ba kusa ba.

Shi ya sa ni, ga wanda ba shi da katin bashi, tsabar kuɗi nake zaɓa. Ki je teburin karɓar baƙi ki ajiye adadin da suka ƙayyade, ki ƙara in ya kusa ƙarewa, a mayar miki da ragowa a ƙarshe. Wahalarsa layin daren ƙarshe, amma kin san iyakar abin da ya fita daga jakarki. Ki tambayi wane kuɗi jirginku ke amfani da shi. Jiragen Turai irin su MSC da Costa yuro suke karɓa a Bahar Rum.

A kan tudu kati ya fi rinjaye. Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta duk yuro ne, kusan kowane shago kuma na da na'urar kati. In na'urar ta ce ki zaɓi biya da dala ko da yuro, zaɓi yuro, don farashin canjin da take bayarwa kusan kullum ya fi na bankinki tsada. Duk da haka a riƙe ƙananan takardu na 5, 10 da 20 saboda kasuwa, bas da banɗakin biya. Kada ki karɓi takardar yuro 500 a wurin 'yan canji: an daina fitar da ita tun 2019, shaguna da yawa ba sa karɓa. 'Yan uwanmu na Nijar sun huta da fargabar canji, tunda sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a kan kowane yuro ɗaya.

Na'urar cirar kuɗi ta cikin jirgi da waɗanda ke tsaye a bakin tasha, a bar su sai dole. Cajinsu ya fi na bankunan cikin gari.

Wanda ya shiga Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye wajibi ne ya bayyana wa kwastan, haka Najeriya ma tana neman a bayyana abin da ya haura dala 10,000 wajen fita. Ku raba kuɗin da katunan tsakaninki da Alhaji, mafi yawa su kwana a akwatin ajiya mai lamba da ke ɗakinku, a sauka da na yini kawai. Kafin ku tashi kuma ki sanar da bankinki ƙasashen da za ku ratsa, domin kati ya bayyana a ƙasa huɗu cikin mako ɗaya ya isa ya sa su rufe shi bisa zargin sata.