Carbidopa/Levodopa 25/100: magani ne na gaske, amma a duba kwali kafin a bar kanti

Ga mai cutar Fakinsin, ciwon nan na karkarwa da sanƙarewar jiki, ban ga maganin da ya kama ƙafar wannan ba. Dattijon da ke jan ƙafa, hannu na rawa, kafin awa ɗaya da sha sai ka ga ya miƙe yana ɓalla maɓallin rigarsa da kansa. Sharaɗinsa kiyaye lokaci: in likita ya ce ƙarfe 7 da 12 da 5, kada a saɓa. A sha da ruwa minti 30 kafin abinci ko awa ɗaya bayansa, domin nama da ƙwai da ƙosai da nono suna tare masa hanya tun daga hanji. Ƙwayar ƙarin jini ma haka take yi, a raba su da awa 2.

Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda ake sayar da shi a nan Jos. A wani kantin magani aka miƙo 25/250 a madadin 25/100, yaron kantin yana cewa, "Alhaji, ai duk Sinemet ne," wato sunan maganin na kasuwa. Ba ɗaya ba ne! Lamba ta biyu ita ce yawan levodopa, sinadarin da ke yin ainihin aikin, kuma 250 ya ninka 100 sau biyu da rabi. Abin da ya biyo baya ga majinyacin da ya sha: jiki na murɗewa da kansa, jiri da zarar an miƙe tsaye, ga amai. Da aka koma, wai a haɗa da Maxolon don aman ya tsaya. Subhanallah! Metoclopramide ke nan, wanda aikinsa toshe dopamine, sinadarin da ake ta fama a mayar wa ƙwaƙwalwa. Stemetil, wani maganin aman, shi ma sahunsu ɗaya. Maganin amai ga mai wannan ciwo likita ne ke zaɓa, galibi domperidone, shi ma sai ya duba lafiyar zuciya.

Ga kuma yankewarsa a kasuwa, wadda ta fi komai ba ni tsoro, domin daina shi farat ɗaya na iya jawo zazzaɓi mai zafi da ƙagewar jiki da ruɗewa. A nemi sabon kwali tun saura na mako 2, a duba lambar NAFDAC da lambobin nan biyu a gaban mai kanti. Wanda aka rubuta CR a jikinsa, wato mai sakin magani a hankali, ba a daka shi, ba a taunawa. Fitsari kan yi duhu, wannan ba abin tayar da hankali ba ne.