Na'urar ɗaukar hoton hasken jiki: abin da za ka duba kafin ka zuba riyalinka

Idan lokacin Umara ya kankama, 'yan'uwa daga Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram kan biyo ta Jidda sayen tsaraba, kuma a 'yan shekarun nan wata sabuwar buƙata ta shigo cikin abin da suke nema a wajenmu mazauna nan. Bayan zinare da turare da abaya, sai mutum ya ce a raka shi inda zai samu na'urar da ke ɗaukar hoton hasken da ke kewaye da jikin ɗan Adam, wadda aka ce tana hango cuta tun kafin ta bayyana. Wani kemis gare shi a gida yana son ƙarin hanyar samu, wata hajiyar ƙaho take yi wa mata, wani kuwa jikin mahaifiyarsa ne ya dame shi. Duk niyyarsu mai kyau ce, shi ya sa nake jin ciwon yadda ake karɓe musu kuɗi.

Jikin mutum yana fitar da abubuwa na gaske. Yana fitar da zafi, zuciya da ƙwaƙwalwa suna aiki da lantarki, akwai ɗan maganaɗisu, har ma da ɗan haske. Kowanne da na'urar da ke auna shi. Don haka tambayar da za ka fara yi wa mai kaya ita ce: wannan abin me yake aunawa a jikina? Amsar da ya ba ka ita ce rabin cinikin.

Neman wannan haske ya daɗe. A 1784 Sarkin Faransa ya kafa kwamiti, har da Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier a ciki, don binciken likita Franz Mesmer da ke cewa akwai wani ƙarfi da ke gudana a jikin mutane, shi kuma yana sarrafa shi. Kwamitin ya rufe wa mutane ido. Wanda aka ce masa ana yi masa aikin ya riƙa shiɗewa alhali ba a yi masa komai ba, wanda ake yi wa a ɓoye kuwa bai ji komai ba. A 1903 wani babban masanin kimiyya a birnin Nancy, René Blondlot, ya ce ya gano sabon haske da jikin mutum ma ke fitarwa, masana da dama suka ce su ma sun gani. Shekara ta zagayo, Ba'amurke Robert Wood ya ziyarci ɗakin gwajin, a cikin duhu ya zare ɓangaren na'urar da in babu shi ba za ta yi aiki ba, aka ci gaba da karanta sakamako kamar ba abin da ya canza. Blondlot ba mayaudari ba ne, idonsa ne ya nuna masa abin da zuciyarsa ke so. A 1911 kuma likita Walter Kilner na asibitin St Thomas a Landan ya fito da gilashi mai rini wanda ya ce in an duba ta cikinsa ana ganin hasken majiyyaci, amma waɗanda suka gwada a bayansa ba su iya tabbatar da shi ba. Daga waɗannan labarai za ka ɗauki dabarar gwaji guda: a ɓoye wa na'urar da mai ita wane ne ake aunawa, a ga ko amsar za ta tsaya.

Na'urar Kirlian ita ce uwar mafi yawan abin da ake tallatawa yau. Semyon Kirlian mai gyaran kayan lantarki ne a birnin Krasnodar na Rasha. A 1939 ya lura da wani ɗan haske tsakanin fatar majiyyaci da na'urar jinya mai lantarki, shi da matarsa Valentina suka shafe shekaru suna ɗaukar hotonsa, labarin bai bazu a Turai da Amurka ba sai wajen 1970. Yadda take aiki ba ɓoyayye ba ne. Ana ɗora fim a kan farantin ƙarfe, a ɗora yatsa a kai, a saki lantarki mai dubban volt, iskar da ke gefen yatsan sai ta yi tartsatsi mai launin shuɗi, fim ya kama. Irin tartsatsin nan ne da ake gani da dare a jikin manyan wayoyin wuta da damina, suna ɗan huci. Hoton yana da kyau ƙwarai, ban musa ba. Amma makulli ma yana yin wannan hasken, kwabo ma yana yi, kuma idan aka zuƙe iskar wurin gaba ɗaya hasken ya ɓace, domin iskar ce ke haskawa.

A 1976 mujallar Science ta buga binciken wasu masana uku a Amurka da suka gano cewa danshin fata shi ne babban abin da ke sauya siffar hoton. Sauran su ne yadda ka danna yatsa, ƙarfin wutar, da tsawon lokacin ɗauka. Ka auna wannan da zamanmu na nan. Mutumin da ya shigo shago daga laimar Jidda yana zufa, da shi ɗin dai bayan ya zauna rabin awa a cikin sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, hotuna biyu daban za su bayar. Wanda ya idar da alwala yanzu ba zai yi daidai da wanda hannunsa ya bushe ba. Har shahararren hoton nan na ganyen da aka yanke gefensa amma aka ga inuwar ɓangaren da aka cire, danshin da ganyen ya bari ne a kan farantin, idan an goge shi da kyau inuwar ba ta fitowa. Malamin kimiyya da ke son nuna wa ɗalibai yadda lantarki ke ratsa iska zai ji daɗin wannan na'ura. Ban da shi ban ga wanda za ta amfana ba, kuma wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya kusance ta.

Sai kyamarar launuka, wadda mutum ke fitowa a hoto da gajimaren ja da kore da shuɗi a kansa. Ba'amurke Guy Coggins ne ya yaɗa ta, samfurinsa AuraCam 6000 ya fito a farkon shekarun 1990. Kana zaune ka ɗora tafukanka a kan akwatuna biyu masu ƙarfe, su auna yadda fatarka ke wuce da lantarki, na'urar ta juya lambobin zuwa launi, ta haska launin a kan hotonka. Wanda ya ƙera ta shi ya zaɓi wane launi zai tafi da wace lamba. Ka zaunar da mutum a gaban kyamarar, wani daban ya ɗora hannu a kan akwatunan, za ka ga launin ya bi mai hannu. Tana da tsada sosai, fim ɗinta ma kuɗi ne. Mai ɗaukar hoto a wajen biki zai iya nishaɗantar da mutane da ita, muddin bai ce musu ja na nufin ciwo ba.

Wadda ta fi rikita masu ilimi ita ce GDV, da sabon samfurinta Bio-Well, aikin Konstantin Korotkov na birnin St Petersburg tun tsakiyar shekarun 1990. Dabarar Kirlian ce aka mayar ta zamani. Kana sa yatsunka goma ɗaya bayan ɗaya a kan gilashi, kyamara ta ɗauki tartsatsin, manhaja ta zana maka mutum da haske kewaye da shi. Ɗaukar hoton gaskiya ce. Inda maganar ta karkace shi ne raba da'irar kowane yatsa gida-gida, a ce wannan yanki hanta ne, wancan ƙoda. Taswirar daga tsarin jinyar Su Jok na Koriya da makamantansa aka aro ta, kuma likitoci ba su karɓe ta a matsayin hanyar gano cuta ba. Kuɗinta dubban riyal ne, tana buƙatar intanet, akwai kuma kuɗin rajistar manhaja da ake ci gaba da biya. Wanda zai kai ta ƙauyen da sabis ke wuya ya san da wannan tun yanzu.

Wadda na fi tsoro ita ce mafi araha, 'yar jakar nan da ake ce wa kwantum, mai sandar ƙarfe da ake riƙewa na kamar minti ɗaya a fito maka da shafuka masu yawa: hanta, ƙashi, jini, sinadarai, haihuwa, duk a jere. Kafin ta fara sai an shigar da shekarunka da tsayinka da nauyinka da jinsinka. Ɗan'uwa, kada ka biya sai ka yi gwaji uku a gaban mai kayan. Ka naɗe sandar da jiƙaƙƙen tsumma ka ga ko za ta rubuta wa tsumman rahoton ƙoda. Ka auna mutum ɗaya sau biyu a jere da suna daban. Sannan ka auna saurayi ka rubuta masa shekara 70. Babu wata hanya da riƙe ƙarfe zai nuna yawan suga ko kitsen jini, wannan sai an ɗibi jini. Illar ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Ana gaya wa lafiyayye yana da ciwon hanta don a sayar masa da magani, ana gaya wa mai hawan jini lafiyarsa ƙalau ya ajiye ƙwayoyinsa. Mafi muni, na ji masu cewa tana nuna sammu ko kambun baka. Waɗanda suka ƙera ta ma ba su yi wannan da'awar ba, kuma magana irin wannan na iya raba gida, a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya laifin da ba ta ji ba ba ta gani ba. A nan Saudiyya kuwa hukuma ba ta wasa da duk abin da ya yi kama da bokanci.

Haka nake kallon kwasa-kwasan koyon jin kuzarin jikin mutum da hannu ba tare da an taɓa shi ba. A 1998 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga gwajin wata yarinya, Emily Rosa, wanda ta yi tana da shekara 9. Masu wannan sana'a 21 suka zura hannuwansu ta cikin shamaki, ita kuma ta riƙa ɗora nata a saman ɗaya, su faɗi wanne. Kashi 44 cikin 100 suka dace, ƙasa da abin da cinta kawai za ta bayar.

To me ya cancanci kuɗinka? Idan ganin abin da jiki ke fitarwa kake so da idonka, kyamarar zafi ce amsar. William Herschel ya gano hasken zafi da ido ba ya gani tun 1800, kuma mutum a zaune yana fitar da zafi na kusan watt 100. Ƙananan kyamarorin da ake maƙalawa a waya, irin na kamfanin FLIR, suna nuna fuska da hannu cikin duhu, har sawun tafinka a bango bayan ka ɗauke shi. Launukan a nan ma manhaja ce ke sa su, amma kowane launi yana tsaye ne a kan ma'aunin zafi da za ka iya tabbatarwa. Ta fi amfani ga mai gyaran wuta da mai gyaran mukayyif da mai kiwon kaji. A fannin lafiya iyakarta zafin fata, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗin cewa ba ta maye gurbin hoton mama na asibiti wajen gano sankara.

Idan lafiyar tsofaffinka ce damuwarka, lantarkin zuciya shi ne wanda aka daɗe da iya karantawa. Willem Einthoven na Holan ya ƙera na'urarsa a farkon ƙarni na 20, ya samu kyautar Nobel a 1924. Yau akwai KardiaMobile, ɗan faranti da ake ɗora yatsu a kai na daƙiƙa 30 ya zana bugun zuciya a waya, wasu agogunan Apple da Samsung ma suna yi. Suna iya nuna rikicewar bugu, amma ba sa gano toshewar jijiyar zuciya mai kisa, mai ciwon ƙirji asibiti zai nufa. Ni da za a bar ni in zaɓa wa mai kemis, ma'aunin hawan jini na damtse irin na Omron da na'urar gwajin suga zan fara ɗauka a saidaliyya, wato kantin magani, domin waɗannan cututtuka biyu su ke cin mutanenmu a ɓoye. 'Yar na'urar auna iskar jini ta yatsa tana da amfani, sai dai binciken jami'ar Michigan na 2020 ya nuna takan ba baƙar fata lamba sama da gaskiya, baƙin lalle da jan farce ma suna iya rikita ta.

Shi kuwa hasken jiki na ainihi an ɗauki hotonsa. A 2009 masana a Japan sun sa mutum biyar a ɗaki mai baƙin duhu, da kyamarar da aka sanyaya zuwa digiri 120 ƙasa da sifili, suka kama hasken da ya gaza abin da ido ke iya gani sau 1,000. Ya fi yawa a fuska, ya fi ƙarfi da la'asar, kuma daga aikin sinadaran jiki yake fitowa. Kayan ɗakin bincike ne, babu shi a shago.

Duk abin da aka ce na lafiya ne, ka nemi shaidar rajistarsa da hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, in Najeriya za ka kai shi don sana'a ka binciki matsayinsa a NAFDAC. Ka karanta ƙaramin rubutun cikin littafin na'urar, sau da yawa a nan kamfanin ke faɗa da bakinsa cewa ba don gano cuta aka yi ta ba. Ka karɓi fatura, wato rasit, mai lambar haraji da takardar garanti, ka tambaya ko garantin yana aiki a wajen ƙasar. Wutar Saudiyya hertz 60 ce, ta Najeriya da Nijar 50, don haka ka duba jikin caja ka ga an rubuta duka biyun. Batir na lithium a jakar hannu ake shiga da shi jirgi. Idan kuma mai shago ya sayar maka da abu a kan yana gano cuta alhali takardarsa ta ce ba haka ba, ma'aikatar kasuwanci tana karɓar ƙorafi a lamba 1900, kuma faturar nan za su fara tambayarka.