Wace kamara ce ta dace da tsofaffin masana'antun Damagaram?

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon siton gyaɗa da hunturu ya san abu biyu ne ke jiransa a ciki: duhu da ƙura. Hasken da za ka samu shi ne wanda ke ratsowa ta hujin kwano, ƙurar kuwa tun ta zamanin da kamfanin gwamnati SONARA ke sayen gyaɗa ce, kafin farin 1973 ya karya kasuwar. Da waɗannan biyun nake auna kamara.

Ni dai Nikon D7000 ta hannu nake ce wa kowa ya nema. A 2010 ta fito, megafiksel 16 gare ta, kuma na san za a ce ta tsufa. Amma an toshe mahaɗan jikinta yadda ƙura ba ta samun hanya da sauƙi, samanta da bayanta ƙarfe ne, ga ta tana cika hannu. Batirinta yana yi mini wuni cur. Na je tsohuwar matatsar man gyaɗa ta Matamaye na dawo unguwar Zango ban nemi caji ba, ka kuwa san yadda wuta take a garin nan. Abin da ya fi kama zuciyata shi ne ramin katin ajiye hoto biyu da take da shi, sai ka saita ta ta rubuta kowane hoto a duka biyun. In ka ci karo da ƙanwarta D7100 ta 2013, mai megafiksel 24, kuma kuɗin bai yi nisa ba, ɗauka. Ka ɗaura mata gilashi ɗaya mai faɗin gani tun daga gida, mai lamba 18-105 ya isa, kada ka kwance shi cikin sito. Ka haɗa da ƙafa uku, wato abin da ake kafa kamara a kai, don a duhu hannu yana rawa.

Waya tana ƙoƙari a fili da rana, amma a duhu sai ta shafe tsatsa ta koma kamar fenti. Kamara marar madubi a ciki, wato sabon samfurin da ake kira mirrorless, tana cin batir. Jirgi marar matuƙi kuwa, a halin tsaron da ake ciki, kada ma ka fara.

To, ɗan'uwa, inda ake cin mutane shi ne wajen kati. Wani mai shago ya sayar mini da kati an rubuta giga 64, kwalinsa tsaf. Lokacin kamarata mai rami ɗaya ce. Na yi kwana biyu ina ɗaukar wani sito, da tsohon sikelinsa, da lissafin buhuna da ƴan dako suka bari da gawayi a bango. Da na sa a kwamfuta, fiye da rabi ba ya buɗuwa. Katin jabu ƙarya yake wa kamara: cikinsa giga 8 ne, in ya cika sai abin da ka ɗauka ya lalace, alhali allo yana nuna maka komai lafiya. Kafin in koma an rushe siton. Har yau abin yana ci mini rai. Saboda haka kowane kati, ko wane suna ke jikinsa, ka gwada shi da manhajar H2testw, wadda ke cika shi taf ta sake karantawa. In mai shago ya ƙi yarda ka dawo da shi bayan gwaji, bar masa kayansa.

Batir ma haka. Na jabu yakan kumbura da zafin Afrilu har ya maƙale a ciki. Ka aza shi kan tebur, in yana lilo ya kumbura. Ita kamarar kuma, ka duba adadin dannawa, wato sau nawa aka ɗauki hoto da ita, wanda Nikon ke rubutawa cikin bayanan kowane hoto. 150,000 aka ƙiyasta wa D7000, wadda ta kusa nan a rage kuɗi sosai. Kayan da suka zauna Kwatano ko Legas danshi yakan sa musu wani farin abu kamar saƙar gizo cikin gilashi, sai ka haska tocila ta baya ka leƙa.

Kuma kusan kowane kango yana da maigadi. Yi sallama, ka ce: «Baba, hoto nake so in ɗauka, wa zan nema izini?» Ka tafi da goro, da takalmi mai kaurin ƙasa saboda ƙusa da kunama. Matatar man fetur ta SORAZ kuwa ba kango ba ce, tun 2011 take aiki, kada ka nuna mata kamara ko daga bakin hanya.