Yarukan kod na barkwanci: wanne ya kamata ka ɓata datarka a kai?

Ƙannenmu masu karatun kwamfuta a Danfodiyo da Poli ta Umaru Ali Shinkafi sun fara gano cewa bayan Python da Java ɗin da ake ba su a aji akwai wasu yarukan firogiramin da anka ƙirƙiro don raha kawai, da yawansu daga hotunan barkwancin nan na intanet sunka fito. Duk kyauta ne, babu wanda za ka biya ko sisi, amma akwai tsada ta wani gefen, data da caji da lokacinka, kuma kowa ya san yadda wuta take a garin nan na Sakkwato balle lokacin zafi da laftof ke ɗaukar zafi tun kafin azahar. Don haka kafin ka sauke komi bari mu auna su.

Na farko da nike ba kowa shawara shi ne LOLCODE. Adam Lindsay ya ƙirƙiro shi a 2007 yana jami'ar Lancaster a Ingila, lokacin da hotunan mussa masu rubutu da karyayyen Turanci sunka cika intanet. Kana buɗe firogiram da HAI, ka rufe da KTHXBYE, in kana son allo ya nuna abu ka rubuta VISIBLE "Sannu Sakkwato", in za ka ajiye lamba ka ce I HAS A kudi ITZ 500. Abin da ya sa na fifita shi, a ƙarƙashin wasan nan yare ne cikakke, shina da sharaɗi (O RLY?, YA RLY, NO WAI), shina da zagaye mai maimaita aiki, har fankishin, wato guntun kod mai suna da kake kira ya yi maka wani aiki, za ka iya rubutawa, kuma akwai rubutacciyar ƙa'ida ta 1.2 da mutane sunka yarda da ita, ga manhajar lci da Justin Meza ya rubuta da yaren C wadda ke gudanar da shi. Wato duk abin da malami ya koya maka a aji ɗaya za ka iya sake gina shi a nan, kuma wallahi ranar da ka rubuta abu guda da yare biyu mabambanta ranar ne za ka gane cewa tunanin shi ne kod, ba haddar kalmomi ba. Matsalarshi ɗaya ce amma babba ce ga irinmu, Turancin da gangan anka karya shi, wanda Turancinshi bai zauna ba sai ya riƙa tuntuɓe da rubutun kalmomin, ya kwashe rabin awa yana neman kuskure alhali harafi guda ne ya gyara wanda bai kamata a gyara ba.

Wanda ya fi sauƙin shiga kunnen Bahaushe kuwa Bhailang ne, wasu matasa biyu 'yan Indiya sunka fitar da shi a 2022. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ba sai an yi mai dogon bayani ba, hi bhai ka buɗe, bol bhai ya faɗi abu a allo, agar bhai sharaɗi, bye bhai ka rufe. Shina da shafin gwaji a cikin burauza, da waya kaɗai sai ka yi komi ba ka sauke komi ba. Sai dai ƙaramin yare ne, da wuri za ka kai ƙarshenshi. In ƙanwarka ko yaron maƙwabta kake son nuna ma mi ake nufi da kod, wanga ya isa. In kai ne mai son ka daɗe kana wasa, koma LOLCODE.

Dogescript na 2013 ne, daga hoton karen nan na Japan mai kallon gefe, Kabosu, wadda ta mutu a 2024. Shi ba ya tsayawa da ƙafarshi, ana juya shi ne ya koma JavaScript, yaren da shafukan intanet ke aiki da shi, very na nufin ka ajiye ƙima, such fankishin, wow rufewa, shh kuma bayanin da kwamfuta ba ta karantawa. Amfaninshi ga mai koyon haɗa shafukan intanet ne, ka rubuta ka juya ka duba JavaScript ɗin da ya fito. Amma sai ka girka Node.js mai gudanar da JavaScript da npm mai sauko da kayan aikinshi, a waya sai ka bi ta Termux, manhajar da ake buga ma waya umarni kamar kwamfuta, kuma nan ne data ke tafiya. Wanda bai taɓa JavaScript ba ya bar shi tukuna.

ArnoldC na Lauri Hartikka, ɗan Finland, umarninshi duk maganganun Arnold Schwarzenegger ne na cikin finafinai. Dariyar farko tana da daɗi, amma layuka dogaye ne, tara lamba biyu kawai sai ka cika rabin allo, kuma sai da Java a kan na'ura. Ni dai ban ga dalilin girka shi ba, ka gwada shi sau ɗaya a shafin Try It Online, inda ake gwada yaruka a burauza ba tare da girkawa ba, ka wuce.

Rockstar daban yake, kuma ga mutanen garin da ya san darajar waƙa da baiti ina ganin akwai abin dubawa. Dylan Beattie ya yi shi a 2018 saboda kamfunna na ta tallar suna neman gwanin kod da suke kira da wanga suna, sai ya ce to bari a yi yare mai sunan, duk wanda ya iya shi ya zama gwanin Rockstar. Firogiram ɗin shina fitowa kamar baitin waƙa, kuma akwai dabarar ɓoye lamba cikin kalmomi, ana ƙirga haruffan kowace kalma, misali "gero da dawa" ya ba da 424. Ka ga kalmominmu ma na iya shiga. Shina da shafin gwaji, kuma akwai masu warware tambayoyin gasar Advent of Code ta watan Disamba da shi. Sai dai umarnin kansu Turanci ne, kuma daɗin abin sai mai iya sarrafa harshen.

Akwai waɗanda za ka ji ana ta zuzutawa, ina roƙonka kada ka fara da su. Whitespace na 2003 da tazara da tab da sabon layi kawai ake rubuta shi, allo fari fat, a madannin waya azaba ce. Wanda Urban Müller ya yi a 1993 mai alamomi 8, sunanshi zagi ne shi ya sa ake taƙaita shi BF, shina koyar da yadda ƙwaƙwalwar kwamfuta ke aiki amma sai wanda ya ƙosa. Malbolge na 1998 kuwa da niyyar ya gagara anka yi shi, sai da anka shekara 2 kafin a samu firogiram na farko, shi ma wata manhaja ce ta lalubo shi.

Sai maganar jama'a, wadda ita ce mutane ke mantawa. Shafin Esolang ya tara dubban irin waɗannan yarukan, mafi yawa mutum ɗaya ya yi ya watsar, in ka maƙale babu mai amsa maka. Kafin ka zaɓa shiga GitHub ɗin yaren, wato shafin da ake ajiye kod ɗinshi, ka duba yaushe rabon da a taɓa shi, ana amsa tambayoyi ko shiru, akwai misalai da za ka kwaikwaya ko babu. Ka leƙa sashen Code Golf na Stack Exchange, shafin tambaya da amsa, inda ake gasar wa zai warware matsala da mafi ƙarancin haruffa, in ka ga ana amsawa da yaren to akwai masu raya shi. Kuma in akwai mutum biyu ko uku a ajinku masu sha'awa ku zaɓi yare guda tare, ku buɗe guruf na WhatsApp, kowane mako wani ya kawo tambaya, lissafin canjin mai shago ko raba kuɗin Keke Napep daga cikin gari zuwa jami'a, kowa ya turo tashi amsar a gwada wadda ta fi gajarta.