Kafin ka biya kuɗin ajin karate, je ka saurari numfashinsu

Masu tambaya ta wane aji za su shiga don ƙarfin jiki da dogon numfashi, ni dai amsata Goju-ryu ce, karaten tsibirin Okinawa na Japan, salon Chojun Miyagi wanda ya rasu a 1953, kuma saboda Sanchin nake faɗa. Atisaye ne mara ado, ka tsaya yatsun ƙafa sun ɗan karkato ciki, gwiwa a lanƙwashe kaɗan, ka ja iska ta hanci har ƙasan cibiya, sannan ka riƙa sakinta ta baki a hankali kana tura dunƙulallen hannu, iskar da naushin su ƙare lokaci ɗaya. Ciki da cinya a ɗaure, kafaɗu a ƙasa, fuska a sake. Malami zai zagayo yana dafa kafaɗarka yana bubbuga cinya don ya ji inda ya yi sako-sako, shime suke ce masa. Wallahi minti biyu ka yi shi daidai sai rigarka ta jiƙe.

Taekwondo shuri ne da sauri, numfashi kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Tai chi, atisayen Sinawa mai motsi a hankali, ya yi wa dattawa, ga matashi yayi sanyi. 'Yan Kyokushin, wani salon karaten, suna da irin numfashin amma duka yafi yawa.

To amma duk wannan zaɓin banza ne in ka faɗa hannun malamin bogi, kuma sun yi yawa, baƙin bel ai a kasuwa ake sayar da shi. Akwai wanda na biya, sai ya ce mu riƙe numfashi mu yi nishi yana zabga mana gora a ciki, wai jiki zai zama ƙarfe, har wani yaro jiri ya kwashe shi ya zube. Riƙe numfashi kana yunƙuri yana harba hawan jini nan take, yana tayar da basir, mai gwaiwa kuwa kada ma ya fara. Wasu har da haɗa maka maganin tauri a gefe, kuɗinsa daban!

Ka ce a bar ka ka kalli aji ɗaya kafin ka biya, ka tambaye shi wa ya ba shi bel ɗin kuma a ina. In ka ga jijiyoyin wuyan ɗalibai sun tashi, ido ya yi ja, ba ka jin fitar iska, ɗauki takalminka. Mai hawan jini kuma ya fara ganin likita tukuna.