Fawa bank mai "girafin" da na saya, ko ya cancanci kuɗinsa?

Jama'a ga bayanin fawa bank ɗin nan da ake ta tallarsa wai batirin girafin ne a ciki, girafin kuwa wani siririn falle ne na sinadarin kabon. 20,000mAh aka rubuta a kwalin, da kalmar Graphene da manyan baƙaƙe, kuma mai shagon ya ƙara mini kuɗi sosai a kan na gama-gari saboda wannan kalma ɗaya, yana cewa "Alhaji wannan fa sabuwar fasaha ce, ba ya zafi, ba ya mutuwa".

Maganar gaskiya yana aiki. Yana cika da wuri fiye da tsohon nawa, kuma ko da rana a cikin mota ɗumi kawai yake yi ba irin zafin da kake tsoron ya kumbura ba. Waya mai 5,000mAh yana cika ta sau biyu da ɗan ɗori, kada wani ya ce an cuce shi don bai samu sau 4 ba, haka duk fawa bank suke, batirin ciki 3.7V ne amma 5V yake fitarwa, a wajen juyawar nan ake asarar kaso mai yawa. Yana da nauyi kam, aljihun riga ba zai ɗauka ba. Igiyar da ta zo da shi kuwa ku ajiye ta gefe ku nemi mai kyau.

To amma maganar girafin ɗin ce ta dame ni, don ni kimiyyar lissafi da fiziks na karanta kuma na san labarin wanda ya fito da abin. Andre Geim sunansa, haifaffen Sochi a Rasha 1958, ya yi digirin digirgir a Chernogolovka, ya koyar a Nijmegen ta ƙasar Holan sannan ya koma Jami'ar Manchester a 2001. Mutumin nan yana da wata al'ada ta gwaje-gwajen daren Juma'a, abin da ba ya cikin aikinsu sai su gwada don nishaɗi, a irin haka ya sa kwaɗo mai rai ya tashi sama cikin maganaɗisu har aka ba shi kyautar Ig Nobel ta barkwanci a 2000, kuma a irin haka ne shi da tsohon ɗalibinsa Konstantin Novoselov suka ɗauki salatef suka riƙa manna shi a jikin giraifait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, suna ɓarewa suna sake ɓarewa har suka samu falle ɗaya tak na ƙwayoyin kabon, wato girafin ke nan. 2004 suka wallafa, 2010 aka ba su Nobel na gaske. Fallen nan sai ka jera kusan miliyan 3 kafin ka samu kaurin milimita ɗaya, kashi 2.3 cikin ɗari na haske kawai yake sha, ga ƙarfi ga saurin wucewar lantarki da zafi.

Kuma ni abin da ya fi burge ni ba girafin ɗin ba ne ma, a 2005 suka nuna cewa dabarar ɓarewar nan tana aiki a kan wasu sinadaran masu falle-falle irin su boron naitiraid da molibdinom daisalfaid, daga baya a 2013 shi da Irina Grigorieva suka yi rubutu kan yadda za ka ɗora falle kan falle kamar gurasa ka ƙera sabon abu da babu shi a duniya. Nan fagen ya buɗe, dakunan bincike daga Amurka zuwa Sin zuwa Singafo suka shiga, Tarayyar Turai ta ware shiri na Yuro biliyan 1, Manchester ta buɗe cibiyar girafin ta ƙasa a 2015.

Yanzu ku dubi wannan ku dubi abin da ke hannuna. Batirin lithium ne a ciki kamar na kowa, in an yi adalci sosai an barbaɗa garin girafin kaɗan a jikin sandunan batirin ko a shimfiɗar da ke janye zafi, kuma wannan yana iya taimakawa wajen saurin caji ban musa ba, amma gari daban falle ɗaya tsaf daban, kuma kwalin bai faɗi ko nawa aka sa ba balle a ina.

Zan ba shi 3 cikin 5. In ka same shi a farashin na gama-gari ɗauka, in an ƙara maka kuɗi don kalmar nan to ka duba wat nawa yake karɓa da wanda yake fitarwa, ka sa a gwada maka a shagon da wayarka kafin ka biya.