Wata shida ina aiki da ThinkPad T480 ƴar gwanjo, ga abin da na gani

Tun bayan kaka nake son rubuta wannan, sai na ce bari dai laftof ɗin ta sha ƙurar hunturu ta ɗanɗani zafin bazara tukunna, don kaya irin wannan ba a yabonsa ranar da aka sayo shi. Ni ma'aikacin ofis ne a wata jami'a nan Jigawa, ba malami ba ne, aikina shigar da sakamakon ɗalibai, buga takardun sashe, jadawalin jarabawa, wani lokacin a ce in haɗa wa shugaban sashe Zoom. A ƙauyenmu nake kwana, kullum a babur nake zuwa in dawo, laftof tana jaka a bayana tana shan gargada, wuta kuwa a garinmu sai a yi kwana uku ba a ga ƙyallinta ba.

Kafin wannan ina da wata da na saya sabuwa fil a kwali, siririya mai ruwan azurfa, duk wanda ya gani sai ya ce Malam ka yi kaya. Ba zan faɗi sunanta ba don laifina ne, ƙyalli na bi. RAM ɗinta, wato inda take riƙe aikin da ake kan yi, giga 4 ne kuma an liƙe shi a jikin bod ba ya ƙaruwa, ga hadis, wato ma'ajiyar fayiloli, irin mai juyawa ɗin nan. In na kunna ta da safe sai in je in gaisa da mutanen ofis uku in dawo ba ta gama tashi ba. Ranar da ta ƙure ni, ana jiran sakamakon ƴan aji biyu za a shiga mitin, na buɗe Excel da shafi uku a Chrome ta tsaya cak, linzami ma ya ƙi motsi, shugaban sashe yana tsaye a kaina yana cewa "Malam, har yanzu?" ni kuma ina ta "yanzun nan Yallaɓai" gumi na bin bayana. A ranar na yanke, da riɗina ya shigo zan canza.

Riɗi ya shigo na sayar, na ɗauki wani ƙanena da yake aiki a sashen kwamfuta muka shiga Kano, Beirut Road. Wannan ɗaukar tasa ita ce dabarar da na yi a tafiyar gaba ɗaya, da ni kaɗai na je da an sake yi min ta farko. Yaron shagon yana ganinmu ya jawo wata ya ce "Alhaji ga i7 nan, wannan ai jirgi ce", ni har na fara murmushi, ƙanen nawa ya ce Yaya tsaya, ya shiga ciki ya duba lambar furosesa, wato injin da ke sarrafa aikinta, ya nuna min i7-7500U. Ya ce ka ga bakwai ɗin nan na farko bayan layi, shi ne zubin, wannan zubi na 7 ce, ƙwaƙwalwa biyu gare ta, i5 ta zubi na 8 kuwa irin 8250U ko 8350U huɗu gare ta, don haka a aikinka i5 ɗin ta fi wannan i7 ɗin. Kuma ba shi kenan ba, Windows 11 daga zubi na 8 take karɓar yawancin furosesan Intel, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Wato da na ɗauki jirgin nan da na sayi abin da an riga an rufe masa ƙofa. Ita kanta T480 ɗin akwai ƙalilan da suka zo da zubi na 7, sunan da ke jikin murfi bai isa ba sai an duba ciki.

Haka muka ƙare a kan Lenovo ThinkPad T480, fitowar 2018, i5-8350U, RAM giga 8, SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri wadda ba ta juyawa, giga 256. Baƙa ce ƙirin, ba ta da wani kyau, in ka ajiye ta a tebur ba mai kallonta sau biyu.

Batir shi ne ya sa na tsaya a kanta kuma shi zan fi daɗewa a kai, don wanda yake birni da wuta da inbata ba zai gane ba. Batir biyu gare ta, ƙarami a ciki mai 24Wh, da wani a waje wanda ake zarewa da hannu ba sai an kwance komai ba, shi kuma akwai mai 24, mai 48 da mai 72. Na waje in ya ƙare sai ka zare ka sa wani tana kunne, na cikin yana riƙe da ita. To mai shagon ya rantse min batir ɗin yana awa takwas, ƙanena bai yi musu da shi ba, ya buɗe baƙin allon nan na umarni ya rubuta powercfg /batteryreport, takarda ta fito tana nuna ƙarfin da aka ƙera batir ɗin da shi da wanda ya rage masa yanzu, na wajen nan ko rabi bai kai ba. Yaro ya yi shiru ya ce ai haka suke zuwa. Muka yi ta ja-in-ja har aka daidaita na ƙara kuɗi ya sa min mai 72, tsohon kuma na ce a bar min shi. Kuma ku lura wasu suna zuwa babu na ciki sam, wurin fayau, a takardar nan za ka ga ko batir ɗaya ne ko biyu.

Yanzu in na cika ta a ofis lokacin da aka tada janareta, ina yin aikin rana, in koma gida bayan isha'i in ƙarasa shigar da maki a tsakar gida kan tabarma, da sauranta. Ba kallo nake yi da ita ba fa, Word ne da Excel, hasken allo kuma ina rage shi. Babban batir ɗin yana turo ƙasanta ya ɗaga ta ta baya, iska na shiga da kyau, amma ya ƙara mata nauyi, in na yi doguwar tafiya a babur kafaɗa tana faɗa min. Na yarda da wannan cinikin.

Caja ɗinta USB-C ce mai 65W, ramuka biyu ne kuma duka suna caji, ka gwada kowanne a shago kafin ka biya. Ranar da na manta caja a gida ta wani abokin aiki na ara, ba irin da ba da sai ka bi ofis-ofis kana neman mai bakin da ya yi daidai.

SSD kam ba sai na yi dogon bayani ba, kafin in gyara zama ta tashi. Duk wanda zai sayi laftof don aikin ofis ya ga hadis mai juyawa ya ce a canza masa a nan take ko ya bar ta, ballantana mai hawa babur, girgiza ba ta yi wa mai juyawan nan daɗi. Giga 256 ya ishe ni, takardu ba su da nauyi, kuma duk Juma'a ina kwafe sakamako a filas. RAM ramuka biyu ne, bayan wata biyu na sayi wani giga 8 DDR4 aka ƙara ya zama 16, gaskiya da 8 ɗin ma tana aiki, sai in na haɗa Zoom da fotal da Excel ne take ɗan nishi.

Allo kuma a kula, T480 tana zuwa da iri-iri, akwai 1366x768 akwai 1920x1080. Mai aikin Excel ya nemi na biyun, layukan maki suna fitowa da yawa a lokaci ɗaya ba sai kana ta ja gefe ba. Kibod ɗinta yana da daɗin bugu, ina wuni ina rubutu yatsu ba sa ciwo. Akwai wani ɗan jan maɓalli a tsakiyarsa da ake tuƙa linzami da shi, ni ban iya ba, ƴata ƙarama kuma ta ɗauka alewa ce, sau biyu ina kama ta tana ƙoƙarin ciro shi da farce.

Tana da ramin wayar intanet ta ofis, da HDMI, da na katin SD. VGA ne babu, furojektan ɗakin taronmu kuma tsoho ne, sai da na sayi ɗan adafta. Kyamara 720p ce, in akwai haske ana ganinka, in ɗaki da duhu sai a hankali.

Hunturun nan ƙura ta shige ta sosai, wajen ƙarshen Janairu na ji fanka tana ƙara kamar ana niƙa, na kai ta wajen wani mai gyara a Haɗeja ya kwance ƴan sukurori ya ɗaga murfin ƙasa, abin da ya fito daga fankar nan kamar an karkaɗe buhun dusa. Ya hure ta ya sa sabon man furosesa, ko rabin awa bai yi ba. Ya ce min kayan irinta suna nan birjik a Kano, kibod ne ko allo ko batir, saboda ofisoshin Turai da Amurka sun saye su da yawa sun sako mana. Da zafi ya shigo na daina ɗora ta a katifa ko dadduma, wani ɗan katako na samu nake sa mata a ƙasa.

Mai shagon garantin sati biyu ya ba ni, na ce ya rubuta a rasit da lambar jikinta, ya yi ta ƙunƙuni amma ya rubuta. Ban koma ba. Abin da ya rage yanzu damina ce, hanyarmu in ruwa ya sauka sai an tuɓe takalmi a wani wurin, na riga na tanadi leda mai kauri guda biyu, ɗaya tata ɗaya ta tsohon batir ɗin da nake ajiyewa a aljihun jaka.